AMORTISAR YA MUTU, MOTA TANA TAFIYA: ALHAKIN WA?

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar motar haya daga Damagaram zuwa Magarya, ko Matamai, ko Tanut, ya san irin rawar da mota kan yi in ta faɗa rami: ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake, kamar kwalekwale bisa kogi. Fasinja su yi salati, direba ya ce laifin hanya ne. To, ba hanya ce kaɗai ba. Amortisar ne ya mutu, wato ƙarfen nan da ƴan uwanmu na Kano ke kira shakazoba.

Mutane da yawa sun ɗauka amfaninsa daɗin zama ne kurum. Ba haka ba ne. Resor shi ke ɗaukar nauyin mota, amortisar kuwa, da man da ke cikinsa, shi ke hana resor tsalle, ya danne taya bisa ƙasa. Tayar da ba ta taka ƙasa sosai ba, ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ran da saniya ta gitta gaban mota mai mutum 19 da buhunan hatsi a sama, ranar ce ake sanin darajarsa.

Gane lalacewarsa ba wuya. A leƙa bayan taya: in mai ya jiƙa jikinsa, ya gama aiki. A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki: in ta ci gaba da lilo, ya mutu. Haka nan in taya tana cinyewa wuri-wuri, ko gaban mota yana dunƙufawa in an taka birki.

Me ya hana a sake shi? Kuɗi, in ji masu mota, kuma suna da gaskiyarsu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gyara na waje suka yi tsada. Sai mutane suka ƙara dogara ga tsofaffin kayan da ke shigowa ta Kwatano. Amma araha ba ta ado: tsohon amortisar yana iya sheƙi a waje, alhali cikinsa ya daɗe da mutuwa.

Ra'ayinmu shi ne mai mota ya zuba kuɗinsa wajen sayen sabo, ya rage kuɗin aiki ta hanyar yin abin da ya iya da hannunsa. Amma fa aikin iri biyu ne, dole a bambanta.

A bayan Toyota Hiace, amortisar daban yake da resor, noti ne sama da ƙasa ke riƙe da shi. Wannan mai hankali yana iya sake shi a ƙofar gida. Ya sami wuri mai tauri, ba rairayi ba, ya tokare tayoyi, ya ɗaga mota, sannan ya sa mata kututture mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sake na dama da na hagu tare, don sabo da tsoho ba su ɗaukar hanya daidai. Ƙarshen ɗaurin noti kuwa sai an sauke mota bisa ƙafafunta.

Gaban motoci irin su Volkswagen Sharan wata magana ce. A can amortisar yana cikin murɗaɗɗen resor, an matse shi da ƙarfin gaske. Wanda ya kwance notin sama ba tare da ƙarfen matse resor ba, resor zai kubce ya karya masa hannu ko ya fasa masa kai. Igiya ko waya ba su isa ba. Wannan aikin mai garaji ne da kayansa, bayan haka kuma a daidaita ƙafafun gaba. Sanin iyakar iyawarka shi ma ilimi ne.

Muna kira ga mahukunta da shugabannin direbobi na tasha da kada su tsaya ga duba takardu da fitilu. A leƙa ƙarƙashin mota kafin ta ɗauki mutane. Malaman yaƙi da jahilci su ma su karanta wa karnukan mota wannan bayani, don su ne direbobin gobe. Fasinja amana ne, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.