WA ZAI RIƘE MANA KAYAN GYARA?

Jama'a, ku kasa kunne. Duk mai injin niƙa a Araba ko kasuwar Illela ya sani, kafin ya sayi inji sai ya tambaya ina ake samun kayan gyaransa. Amma mahukuntanmu, da digirorinsu, ba su yi mana bayanin wannan ba. A 2017 suka sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha don gina tashar lantarki ta nukiliya, an kuma ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom.

To, Geregu fa tana ƙasar Ajaokuta ne, inda Rashawan Sobiyet suka soma gina mana masana'antar ƙarfe tun 1979. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba a kammala ta ba. Ƙasar da ta kasa narka ƙarfenta, da me za ta ƙera kayan tashar nukiliya?

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Disamba 2005 kusa guda ɗaya tak da aka bari cikin janaretan tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ta lalata shi. Ƙasa mai masana'antu ke nan, amma sai da aka ɗauko abin maye daga Faransa a jirgin ruwa cikin 2006, mutanen Kef Tawun suna ta fama da ɗaukewar wuta. Kayan nukiliya ba na Panteka ba ne. Sai wanda aka gwada aka tabbatar, galibi kuwa daga hannun wanda ya gina tashar. Shi zai yanka kuɗi, shi zai sa rana.

Ku mutanen iyaka kun ga yadda dogaro da wani ke ƙarewa. Tun 1971 aka soma haƙar yuraniyam a Arlit, aka yi shekaru ana kai wa Faransa tana haska biranenta. Amma da aka yi juyin mulki a Nijar a Yuli 2023, Nijeriya ta yanke musu wuta, aka rufe hanyar Ƙonni, albasa ta ruɓe cikin motoci. In ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwa haka, ina ga bare ranar da aka ɓata? Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba ilmi muke ƙi ba. Ga ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, a ƙara wa malamansa ƙarfi. Abin da muke ƙi shi ne a ɗaura wa jikokinmu bashi a ɓoye.

Saboda haka muna kira a bayyana yarjejeniyar nan da Hausa: nawa ne, wa zai biya, wa zai riƙe kayan gyara? A fara gyara layukan wutar da suka jefa Arewa cikin duhu kwanaki a jere a Oktoba 2024. A kafa wa kasuwanni wutar hasken rana, wadda yaranmu za su iya gyarawa da hannunsu. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a ranar kasuwa, ku tsare shi da tambayoyin nan. Kuɗin talaka ne, talaka na da ikon ji.