Dogon Turanci Ba Shi Ne Ilmi Ba

Ya ku 'yan uwa ɗalibai, wata cuta ta kama mu, kuma wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta. Daga Tudun Wada har Unguwar Rimi, da wuya ka shiga ɗakin ɗalibi ba ka tarar da shi yana haddace manyan kalmomin Turanci ba, karatun aku ke nan. Gobe ya miƙe a taron ƙungiya ya zazzago su, mu kuwa mu yi ta tafi, alhali daga shi har mu ba wanda ya san inda maganar ta dosa.

Ba cewa muka yi a ƙi Turanci ba, domin da shi ake jarrabawa, da shi ake rubuta doka. Hadda ba sanin ma'ana muke yaƙa. Yawancin dogayen kalmomin nan su kansu mutanen Ingila aro su suka yi daga Latin da Girkanci, da kuma Faransanci bayan Normandawa sun ci ƙasarsu a 1066. Dimokuraɗiyya, alal misali, kalmomin Girkanci biyu ne aka haɗa: jama'a da mulki. Wanda ya bi kalma har tushenta ya mallake ta, wanda ya haddace ta kawai dako yake yi.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi da Turanci a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da tatacciyar Hausa. Bargery, Baturen mishan, ya yi shekaru yana bin diddigin kalmominmu kafin ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Baƙo ya yi wa harshenmu wannan wahala, mu kuwa ƙyuyar buɗe ƙamus muke yi!

Abin tsoron shi ne, gobe mu ne a ofisoshin Kaduna. Manomi zai taso daga Birnin Gwari da takardar gonarsa. In muka kasa warware masa abin da ta ƙunsa, sai ya dangwala yatsa a kan abin da zai raba shi da gadon ubansa. Alhakin a wuyan wa?

Saboda haka ga ma'auni: duk kalmar da ba za mu iya bayyana wa iyayenmu mata da Hausa ba, ba mu san ta ba tukuna. Mu koma wa ƙamus. Kayan aro dai ba ya rufe katara.