Makarantar Groton: Kyan Alkawari Cikawa

A jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 60 arewa maso yamma da birnin Boston, akwai wata makarantar kwana da ake kira Groton. Wani limamin cocin Episkofal, wato reshen ɗariƙar Anglika na Amurka, mai suna Endicott Peabody, shi ya kafa ta a shekarar 1884, ya kuma shugabance ta har shekara 56. Takenta, wanda yake cikin harshen Latin, yana nuni da cewa hidima ita ce sarauta. Wannan babban alkawari ne, kuma da shi ya kamata a auna makarantar.

Peabody ya yi imani da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ya ɗauko 'ya'yan attajirai ya sa su kwana a 'yan ƙananan ɗakuna marasa ƙofa, suna wanka da ruwan sanyi, suna halartar addu'a kowace safiya. Gine-ginen makarantar kuwa an jera su ne kewaye da wani fili mai siffar da'ira, kuma a bakinsa majami'ar St. John take tsaye tun 1900. Daga wannan horo Franklin Roosevelt ya fito a 1900, ya zama shugaban Amurka a 1933. Haka kuma Dean Acheson, wanda ya riƙe muƙamin sakataren harkokin waje.

To, amma akwai abin dubawa. Shekara da shekaru ƙofar makarantar a rufe take ga baƙar fata da 'ya'ya mata, ɗan talaka kuwa sai dai ya hango ta daga nesa. Makarantar da ke koyar da hidima ga jama'a, alhali ba ta karɓar yawancin jama'ar, ta cika rabin alkawarinta ne kawai. Sai a farkon shekarun 1950, a zamanin shugabanta na biyu, John Crocker, aka ɗauki ɗalibi baƙar fata na farko, tun kafin Kotun Ƙoli ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati a 1954. 'Yan mata kuwa sai a 1975 suka samu shiga.

A 2013 aka naɗa Temba Maqubela shugaban makarantar. Shi ɗan Afirka ta Kudu ne da ya tsere wa mulkin wariya a 1976, ya yi karatun kimiyya a Jami'ar Ibadan ta Nijeriya. A 2014 makarantar ta tsayar da ƙarin kuɗin karatu har tsawon shekara uku, ta kuma faɗaɗa tallafi ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin hali.

Masu suka suna cewa duk wannan ado ne, domin ɗaliban ba su kai 400 ba, kuɗin karatu kuma ya haura dala 50,000 a shekara. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don makaranta ɗaya ba za ta gyara ilimin ƙasa guda ba. Sai dai irin waɗannan makarantu su ne ke renon waɗanda za su riƙe ragamar mulki gobe. Yaron da ya yi shekara biyar yana cin abinci tare da 'yar direba da ɗan baƙin haure, yana muhawara da su a aji kan Latin da lissafi, da wuya ya girma yana ganin talaka ba mutum ba ne.

Don haka darajar Groton tana ga yawan 'ya'yan marasa galihu da take buɗe wa ƙofa kowace shekara, fiye da kyan gine-ginenta ko sunayen tsofaffin ɗalibanta. Duk ranar da ta ja baya a wannan, takenta ya zama rubutu a bango kawai.