Ingilishin da ba ya fita baki

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya maida Hausa harshen ƙasa, ya kuma aje Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harshen aiki kuwa, ƴan uwa masu karatu, shi ne wanda ake zaman taro da shi, a yi gardama, a tsaida magana. A nan ne ɗalibanmu suke da rauni.

Yaro yana soma Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, ya shekara 7 yana koyo kafin ya kai bakaloriya. Wanda ya zarce da shi har jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya san nahawu, rubutunsa ba laifi. Amma a zaunar da biyar daga cikinsu a ce su tattauna, sai ɗaya ya riƙe magana, biyu suna gyaɗa kai, sauran sun koma Faransanci. Kowa jira yake ya zuba abin da ya hardace, ba mai amsa wa ɗan uwansa.

Tsarin aji ne ya jawo haka. Malam ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malam ya gyara. Wanda aka katse sau uku don ya ɓata fi'ili, ba ya sake buɗe baki.

Ga ra'ayinmu, malamai su leƙa fada, inda samari ke gardama a kan shayi ba mai jiran izini. A kasa aji huɗu-huɗu ko biyar-biyar. A ba su matsalar da tilas su yanke mata shawara guda, misali rijiya ɗaya tsakanin ƙauyuka uku, kowa riƙe da bayanin da saura ba su da shi. Ta haka mai kunya ma sai an nemi bakinta, don in ta yi shiru aiki ya tsaya. A koya musu yadda ake musanta magana cikin ladabi, da yadda ake maimaita abin da wani ya faɗa kafin a ba shi amsa. Malam ya koma gefe da alƙalami, gyara sai an gama.

Sauran aiki yana hannun hukumomin ilimi. Ɗalibi ba ya wahala a kan abin da ba a ba shi maki. A sa tattaunawar ƙungiya cikin jarrabawa, a ba da maki ga saurare kamar yadda ake ba magana. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, mazauninta Yamai ne, kuma waɗanda ke zama ɗaya gefen teburin da Ingilishi suke aiki.