Malami mai ciwon suga da annoba mai zuwa

Lokacin da korona ta shigo Najeriya a 2020, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida. Da matakin albashi aka tantance mai fita da mai zama. Da aka zo buɗe makarantu, a watan Agusta ga masu jarrabawar WAEC, sauran kuma daga Satumba ko Oktoba, hankali ya fi karkata kan yara: takunkumi, bokitin wanke hannu a bakin ƙofa, tazara a aji. Hakan ya dace. Sai dai wanda ya fi kowa shiga haɗari a harabar shi ne malamin da ya ba hamsin baya, yana fama da ciwon suga.

Kano ta ga haka da idonta. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika a birnin, mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona, galibi a jikin masu wata cuta tun da farko. Suga idan ya hau yana raunana garkuwar jiki, zazzaɓi kuma yana ƙara hau da shi. Abin da matashi zai warke daga gare shi cikin mako guda, shi yake kwantar da mai suga a asibiti.

Ku dubi yadda malami mai suga yake wuni. Ya sha maganinsa da safe, ya fito bai karya sosai ba, ga darasi uku a jere a aji maƙil da yara, tagogi a rufe saboda ƙura. Can wajen sha ɗaya zufa ta karyo masa, alli yana rawa a hannunsa. Suga ne ya faɗi. 'Yan ƙwayoyin sukari ko rabin kwalbar lemo sun isa su farfaɗo da shi, amma wa ya sani? Da yawa suna ɓoye ciwon, musamman a makarantun kuɗi, don gudun a ce sun gaza a sallame su. Mai gadi da masu dafa abinci a makarantun kwana kuwa, ba ma a sa su a lissafi.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin fentin aji ɗaya ba: na'urar gwajin suga a ofishin shugaban makaranta, damar fita a ci abinci a kan lokaci, da wuri mai sanyi na ajiye allurar insulin. Idan cuta ta ɓarke, a mayar da mai suga aikin da ba cunkoso, kamar duba takardun jarrabawa, ba tare da an taɓa albashinsa ba.

Bayan korona mun ga mashaƙo a Kano, sanƙarau kuma yana leƙo mu duk bazara. Ƙungiyar malamai ta NUT da ma'aikatun ilimi na jihohi, ku zauna ku rubuta wannan ƙa'ida yanzu, tun ana zaune lafiya.