Makin Barci da Mai Tashin Asuba

Da damina, manomin masara a karkarar Malumfashi yakan tashi tun kiran assalatu, ya sallaci asuba, ya nufi gona. Idan rana ta take, ya nemi inuwa ya yi ƙailula. Ɗansa da ke aikin ofis a Funtua ma yakan tashi asuba, ya ɗan koma kafin lokacin aiki. Bambancinsu agogon zamani da ke ɗaure a hannun ɗan, wanda kowace safiya manhajarsa ke rage masa maki, wai barcinsa ya katse.

Makin nan ba ya tsayawa a fuskar waya. A 2014, Draganich da Erdal na Kwalejin Colorado a Amurka sun shaida wa wasu ɗalibai cewa na'ura ta nuna barcinsu bai yi inganci ba, alhali sakamakon ƙirƙirarre ne. Waɗanda aka faɗa wa haka sun kasa kamo sauran a gwajin lissafi da natsuwa. A 2017 kuma, Kelly Baron da abokan aikinta suka bayyana marasa lafiyar da neman cikakken maki ya ƙara musu fargaba a kan barci. Ashe wani lokaci ma'aunin ne ke haifar da gajiyar.

Kuma wa ya ce barcin ƙwarai sai na awa 8 a jere? Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna, a littafinsa na 2005, cewa Turawa kansu sun daɗe suna raba dare biyu: barcin farko da na biyu.

Manhajar da ta san halin ɗan Adam za ta fara tambayar mutum yadda ya tashi kafin ta nuna masa lamba, domin kada lambar ta riga jikinsa magana. Za ta lissafa barcin awa 24, har da ƙailula, ta auna mako maimakon dare ɗaya, ta kuma san cewa sahur da tahajjud ba cuta ba ne.

Sai babbar matsala, wadda lamba ba ta gani. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa, magidanta da yawa sun sha kwana sintiri saboda 'yan bindiga. Tunatar da irin wannan mutum cewa ƙarfe goma ta yi, ya kwanta, tamkar izgili ne. Abin da zai amfane shi shi ne a taimaka masa ya gano sa'ar da zai rama barcin da rana, kafin ya hau babur zuwa kasuwar Dandume.