Wa Zai Shaide Ka?

A ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan shekarun da rikicin daji ya tsayar da ita. Ku lura da yadda ake samun aiki a kara. Mai shanu ba ya miƙa wa baƙo igiya, sai dillali ya shaida cewa yaron ba ya cin amana.

A 1973, masanin zamantakewa Mark Granovetter na Amurka ya nuna cewa sau da yawa labarin aiki yakan fito ne daga wanda kuke gaisawa jefi-jefi. Abin da amininka ya ji, kai ma ka riga ka ji. Direban da ke zuwa Kaduna kuwa, sabon labari yake kawowa.

Sai dai sanayya tana da illa. Idan mai ɗaukar ma'aikata ya tsaya kan danginsa kaɗai, maraya mai ƙwazo zai zauna a gida, shi ma ya yi asarar gwani.

Aikin mako: rubuta mutum biyar, ban da 'yan gidanku, da za su iya shaidar halinka. In ba su cika ba, fara da malamin ajinku. Sai mako mai zuwa.